Farfela da Kunyar Suruki

Duk wanda ya ce zama gida ɗaya da suruki abu ne mai sauƙi, to bai taɓa cin karo da nasa a tsakiyar matakala da sassafe ba, yana sanye da gajeren wando, da ledar shara a hannu. Faruƙ ya ci karon, kuma tun daga ranar ya koyi kasa kunne kafin ya buɗe ƙofa. Gidan nan na unguwar St. George, a tsibirin Staten Island, a kan tudun da ake hango jiragen fito suna kai da komowa, hawa biyu ne. Malam Shitu da matarsa Hajiya Rabi'atu suna ƙasa, Faruƙ da matarsa Khairunnisa, autar Malam ɗin, da 'yarsu Ilham suna sama. A Zariya da an yi da shi har a teburin mai shayi, a ce ga wanda ya tare a gidan surukai. New York kuwa ba ruwanta, in ka samu inda za ka sa haƙarƙarinka sai ka gode wa Allah ka yi shiru.

Amma ƙasa ce ta sauya, Faruƙ bai sauya ba. Bai taɓa cin abinci a gaban Malam Shitu ba, ko ruwa zai sha sai ya juya baya. In zai gaishe shi sai ya durƙusa, ko da a kan ƙanƙara ce a bakin titi, maƙwabta suna leƙe ta taga suna zaton wani abu ne ya faɗi masa. Sunan tsohon kuwa bai taɓa ratsa haƙoransa ba. Akwai wani Shitu a asibitin da yake aikin kwamfuta a Manhattan, shi ma "mai sunan Baba" yake ce masa. Haka aka rene shi, kuma ni ban ga laifinsa ba. Sai dai kunyar nan ce ta tsaya masa a wuya a makon da muke magana, domin ranar Asabar surukinsa zai rungumi farfelar wani inji da Faruƙ ya san a ɗane yake kamar tarko, shi kuma ba shi da bakin da zai faɗa masa.

Injin na ƙaramin jirgin sama ne, irin na da can, wajen shekarun alif ɗari tara da talatin, lokacin da ake haɗa jirgi da katako da yadi, mutum biyu su shiga ya cika. Silinda biyar gare shi, kuma ba a jere suke kamar na mota ba, a kewaye suke kamar yatsun hannu in an ware su: ɗaya na kallon sama, biyu na gefe, biyu sun sunkuyar da kai ƙasa, ga farfelar katako a gaba. Malam Shitu makanikin jirgin sama ne, ya fara a Zariya ya ƙare a filin jirgin da ke Queens. Da ya ajiye aiki, maimakon ya kama carbi da rediyo kamar sa'o'insa, sai ya tafi wata gona a Pennsylvania ya kwaso wannan tarin tsatsa daga rumfar wani manomi, inda kaji suka mai da shi wurin saka ƙwai. Hajiya ta dube shi sau ɗaya ta ce ko 'yan gwangwan ba za su ɗauka ba. Shi kuwa ya ce irinsa ya fara gani yana saurayi, shi da ƙanensa Kadri, a hancin jirgin wani likita da ya sauka a filin Zariya, kuma ranar ya san sana'arsa.

Shekaru ya ɗauka yana farfaɗo da shi a garejin bayan gida, noti bayan noti. Garejin nan ne kaɗai wurin da kunya take ɗan sassauta wa Faruƙ, domin can ba hira ake yi ba, miƙo sifana ne da riƙe nan. Tsohon yana ce masa "Malam", kuma ya koya masa abin da ya sani kamar mai zuba hatsi a buhu.

"Malam, ka ga waɗannan biyun na ƙasa? In inji ya kwana, mai yana gangarowa ya taru a cikinsu. Ka tayar da shi haka, ka karya masa ƙashi. Dole ka fara juya farfela da hannu, a hankali, kana saurare, har man ya fita, fetur ya shiga. Lokacin nan ƙirjinka na jikin katakon nan. Shi ya sa makunni zai kasance a kashe."

Wata rana kuma ya ɗaga wata siririyar waya ya nuna masa.

"Wannan injin ba ya jiran batir. Maganeto ke ba shi wuta, da zarar farfela ta motsa. Makunnin nan ba kunnawa yake yi ba, sata yake yi. Yana sace wutar ta wannan 'yar waya, ya zubar da ita a jikin ƙarfen injin. In wayar ba ta kama ƙarfe ba, to abin da aka rubuta a kan makunni ƙarya yake maka. Na ga wanda ya yarda da rubutun. Da hagu yake cin tuwo har ya bar duniya."

Faruƙ bai manta ba. Wanda ya faɗa ɗin ne ya fara mantuwa. Abin ya shigo a hankali, kamar yoyon rufi. Yau a samu makullin mota a cikin firji, gobe ya yi sallar la'asar ya shafa addu'a ya sake tashi ya tayar da ita. Sannan ya fara duban Faruƙ a gareji yana cewa, "Kadri, miƙo min wancan." Kadri kuwa ya rasu tun kafin a haifi Khairunnisa. Ita ce ta ba mijinta labarinsa: shi ke bin Baba a haihuwa, tare suka tashi, tare suka koyi aiki, bai taɓa ce masa yaya ba, gatsal yake kiran sunansa, kuma shi kaɗai ne a duniya yake yi masa tsawa ya saurara. Duk lokacin da aka kira shi da sunan mamacin, Faruƙ sai ya sunkuyar da kai ya ƙi amsawa, har tsohon ya dawo hayyacinsa ya ce, "Au, Malam ne." Daga nan kowa ya ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba.

Ranar Lahadin makon nan ne ya ga wayar. Injin yana zaune a kan wani gado na katako mai kauri da Baba ya haɗa masa. Baba ya ɗaure bakin wayar tsaf, aiki mai kyau, irin na ƙwararre, amma a jikin wani noti da ke nutse cikin katakon, ba a jikin ƙarfen injin ba. Katako kuwa ba ya shan wuta. Ga shi tun ranar Juma'a tsohon ya shelanta a masallaci cewa Asabar bayan azahar zai tayar da injinsa, kowa ya zo ya ga abin da ake ce wa tsatsa. Har maƙwabta ya bi gida-gida ya ba su haƙurin ƙarar da za su ji.

Ya durƙusa, ya yi gyaran murya, ya yi hannunka-mai-sanda iyakar yadda ya iya.

"Baba, wannan wayar, nan ne wurinta ko?"

"Nan ne."

"Na ga kamar a da..."

"Malam, miƙo min tsumma."

Ya miƙa tsumman. Ka ji iyakar abin da ɗan mutunci ya iya yi ke nan, alhali hannun mutum ne ke cikin haɗari.

Da suka hau sama ya zayyana wa matarsa komai. Khairunnisa nas ce, a sashen tsofaffi ma take aiki, don haka babu abin da zai gaya mata game da mantuwa wanda ba ta gani kullum. Amma ta ci gaba da ninke kayan wanki ta ce, "Gajiya ce kawai, Abban Ilham. Baba ba ya samun barci."

"Khairi, ba maganar barci nake yi ba. Hannunsa nake gaya miki. In farfela ta same shi a kafaɗa ma ba hannu kaɗai ba ne."

Ta ajiye rigar da ke hannunta, idonta ya ciko. "Kana zaton ban gani ba? Tun bara na gani. Amma in na buɗe baki na faɗa, ya tabbata ke nan. A wurin aiki iyayen wasu ne. Wannan nawa ne."

Duk da haka washegari ta sauka ta same shi yana shan kunu, ta ce ko za a ɗaga Asabar ɗin a ƙara duba wayoyi. Ya yi dariya har ya ƙware. "Auta, ke da allurarki, ni da sifanata. Yaushe aka haife ki? Wa ya aiko ki?" Ta ce ba kowa. Ta dawo sama ta shige banɗaki ta saki ruwa don kada a ji ta. Hajiya kuwa ba ta cikin lissafi. In kunyar suruki tudu ce, ta suruka dutse ce, kuma ita ma ta daɗe tana kwaso makulli daga firji tana mayarwa kan ƙusa ba tare da ta ce wa kowa uffan ba.

Faruƙ ya daina cin abinci sosai. A jirgin fito, da safe, maimakon ya zauna a ciki kamar kullum, sai ya tsaya a waje iska na dukansa, yana haɗa maganar da zai yi. Baba, wayar ba daidai take ba. Kalmomi kaɗan, ko yaro zai iya. Amma ya san abin da ke bayansu. Suruki ya dubi idon uban matarsa ya ce ka yi kuskure a sana'ar da ka tsufa a cikinta, ai ba waya ya gyara ba, cewa ya yi hankalinka ya fara tafiya. Gaba kura, baya sayaki. Kafin jirgin ya kai Manhattan maganar ta narke masa a baki.

Sai ya yi abin da ake yi a gida: ya nemi babba ya aika. Alhaji Souley ɗan Maraɗi ne mai surka Hausa da Faransanci, yana da shagon shadda da turare a Harlem, aminin Malam Shitu ne tun zuwansu ƙasar, kuma shi ne ya tsaya wa Faruƙ a matsayin uba ranar ɗaurin aure. Bayan an tashi aiki Faruƙ ya hau jirgin ƙasa ya same shi yana auna wa wata mata yadi. Ya jira, ya gaishe shi, ya yi bayanin maganeto da katako da waya, har da zane a bayan kwalin turare. Alhaji Souley yana ta gyaɗa kai, da gani ka san ko kalma ɗaya ba ta shiga ba.

"Bon. Na gane, ɗana. Amma Injiniya hwa tun ba a haihe ka ba yake wannan aiki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba shi ganinai."

"Alhaji, shi ya koya min. Maganarsa ce nake maimaitawa. Don Allah ku gaya masa kamar daga gare ku ta fito."

"D'accord, d'accord. Bari in kira shi yanzu gabanka."

Ya kira. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi sanyi, aka yi ta'aziyyar wani da ya rasu a Bronx, aka koma kan ciwon gwiwa. Faruƙ na tsaye yana jira. Can Alhaji Souley ya ce, "Af, ga yaronmu nan ma ya biyo gaishe ni. Yana ta yabon aikinka wallahi. Ya ce dai a yi hattara, Allah shi sa a tashi lahiya." Ya saurara, ya yi dariya, ya ce amin, ya kashe. Ya dubi Faruƙ da fuskar wanda ya sauke nauyi. "Voilà. Na gaya mishi."

Haka saƙo yake in ya bi ta hannun masu ladabi. Kowa ya ɗan goge masa kaifi don kada ya yanki wani, kafin ya isa ya zama addu'a.

Da ya ga ba sarki sai Allah, ranar Alhamis ya ƙi zuwa aiki. Ya jira har Hajiya ta raka Baba wurin likitan ido, ya sauka gareji kamar ɓarawo, ya kwance wayar daga katako ya ɗaure ta a jikin ƙarfe, inda ya kamata. Aikin bai kai a sha kofin shayi ba. Ya koma sama ya ci abinci har da ƙari, abin da rabonsa da yi tun Lahadi. Tsugune ba ta ƙare ba. Mai mantuwa zai manta ya karya kumallo, amma makaniki ba ya manta ɗaurin hannunsa. Ranar Juma'a da hantsi aka ji muryar Baba daga gareji har sama.

"Wa ya taɓa min aiki?"

Faruƙ yana tsaye bayan labule, yana kallo ta taga, ya ga tsohon ya kwance wayar yana huci, ya mayar da ita kan notin katakon nan, ya ƙara mata tamkewa. Sannan ya ja ƙofar gareji ya ɗana kwaɗo, ya zura makullin a igiya ya rataya a wuyansa. Makullin da ya kamata a ce ya manta a firji, shi ne bai manta ba. Faruƙ ya zauna a bakin gado ya riƙe kansa. Ya yi tunanin fasa kwaɗon, ya yi tunanin ya ce wa maƙwabci ya kira hukuma ya yi ƙarar hayaniya, har ya roƙi Allah ruwan sama. Asabar ta waye garau, ko gajimare babu.

Bayan azahar bayan gida ya cika. Mutanen Harlem sun zo, na Soundview sun zo, wasu da 'ya'yansu masu jin Hausa su amsa da Turanci. Hajiya ta yi waina da miyar taushe, mata suna zaune a barandar kicin. An turo injin waje a kan gadonsa, an ɗaure da sarƙa a gindin bishiya. Gaskiya ya yi kyau, silinda biyar ɗin nan baƙaƙe suna sheƙi, farfela ta sha fenti kamar sabon allo. Sai ga Malam Shitu ya fito cikin babbar riga ta farar shadda. Mutumin da ya taɓa korar Faruƙ daga gareji saboda ya shigo da hannun riga a sake, yau shi ne da yadi har ƙasa a gaban farfela, don baƙi sun zo.

Faruƙ ya ratsa mutane ya durƙusa a gabansa.

"Baba, da an ƙara duba wayar makunnin nan kafin..."

"An duba." Bai ko dube shi ba. "Malam, ka tsaya can wajen baƙi. Yau Alhaji Souley ne a kan makunni. Ba na son hannu da yawa."

Ya tashi ya koma inda aka nuna masa, gefen shinge. Ƙafafunsa ne suka kai shi, don sun saba. Daga nan yana hango wayar, a kan katako, ta yi luf abinta. Ya dubi baranda, Khairunnisa ta toshe baki da gefen mayafinta tana dubansa.

Baba ya buɗe famfon fetur, ya yi bismillah, ya zagayo gaban injin.

"A kashe yake?"

Alhaji Souley ya sunkuya ya karanta rubutun. "A kashe yake, Injiniya!"

Tsohon ya matso, ya ɗora tafukansa biyu a kan farfela, ƙirjinsa ya kusa taɓa ta, hannun rigarsa na reto. Ya jawo ta ƙasa a hankali. Injin ya ja numfashi, wani baƙin mai ya ɗiga daga bututun ƙasa. Mutane suka ce masha Allah. Ya kama ɗaya reshen ya sake jawowa. Faruƙ ya san abin da ke faruwa a ciki, shi aka koya wa: kowane juyi mai na fita, fetur na shiga, wuta kuma tana nan tana jira tun farko. Warin fetur ya iso har shinge.

"Baba," ya ce. Ko na kusa da shi bai ji ba.

"Baba!" Wani ya waiwayo. Tsohon bai waiwayo ba. Fuskarsa ta saki, yana murmushi, kunnensa a karkace wajen injin. Hankalinsa ba ya Staten Island. Ya sake kama farfela, ya fara ja, ta yi tauri a hannunsa kamar yadda take yi in fistin da ke cikin silinda ya kusa kaiwa ƙarshe. Sai ya yi magana ta kan kafaɗarsa, da wata murya sakakkiya wadda Faruƙ bai san shi da ita ba.

"Kadri, kana ji? Ta kusa."

Faruƙ bai san lokacin da ya bar shinge ba.

"Shitu! Sake ta! Sake ta na ce, wayarka ba ta kama ba!"

Sunan ya faɗo tsakar taron nan kamar an saki tasa a masallaci. Tsohon ya daskare, ya ɗago hannuwansa, ya juyo. Faruƙ ya cafki rigarsa ta baya ya fizgo shi da duk ƙarfinsa, suka zube tare a kan ciyawa. Farfelar da aka bari a kan gaɓa ta ƙarasa juyawa da kanta. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya sake yi, sannan ya ɓarke da wata irin ƙara da ta girgiza tagogin layin. Reshen katakon ya wuce ta daidai inda kafaɗar Baba take, ya tafi da gefen hannun rigarsa.

Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe wurin. Huluna suka tashi sama, faranti ya suɓuce daga hannun Hajiya, waina ta watse. Alhaji Souley yana ta murɗa makunni hagu da dama yana salati, injin ko a jikinsa. Faruƙ ya rarrafa ta baya, iskar farfela na cika masa ido da ƙasa, ya lalubo famfon fetur ya rufe. Injin bai mutu nan take ba. Ya ci gaba da bugawa da ɗan abin da ya rage masa, silinda biyar suna amsa wa juna, daram-daram, daidai, ba gargada, aikin shekaru yana magana. Sannan ya fara sanyi, ya yi atishawa, farfela ta yi rabin juyi ta tsaya. Aka bar motocin layin, da ƙarar ta tayar musu da jiniyar tsaro, suna ta kururuwa su kaɗai.

Dattawa sun sunkuyar da kai, wasu suna kallon takalmansu. Kowa ya ga abin da ya faru, kowa ya san an ceci rai, amma kowa kuma ya ji abin da ya ji, suruki ya kira sunan uban matarsa da tsawa, a gaban jama'a, ya kuma kayar da shi ƙasa. Faruƙ ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya taso, ya nufi inda tsohon yake zaune a kan ciyawa, ya fara lanƙwasa gwiwa zai durƙusa ya nemi gafara.

Baba bai bar shi ya kai ƙasa ba. Ya kamo wuyansa ya jawo shi jikinsa, ya dafa ƙeyarsa ya girgiza, yana dariya, fuskarsa duk ɗigon baƙin mai, hawaye na bin ciki.

"Ka ji shi? Ka ji shi, Kadri? Ba na gaya maka zai tashi ba? Kai dai ba ka rabo da ihu, tun muna yara."

Faruƙ ya kasa kunne. Yana jiran "Au, Malam ne" ɗin da aka saba. Ya jira. Ba ta zo ba.

Tsohon ya ɗaga kai yana duba fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya dubi shinge, ya dubi tagar sama.

"Ina yaron nan? Mijin Auta. Ba ya nan?" Ya rage murya, irin ta mai gaya wa ɗan'uwansa abin da ba a faɗa a waje. "Kash, ya rasa. Ya fi kowa shan wahala a kan injin nan, Kadri. Yaron kirki ne, hannunsa ya fi nawa yanzu, ban dai taɓa gaya masa ba. Ka san suruki, ba a sakar masa fuska. Kunya ce da shi kamar me, ko ruwa ba ya sha a gabana. Na so a ce ya ji ƙarar nan. Je ka kira min shi."

A baranda Khairunnisa ta zame ta zauna a kan matakala, ta kifa kai a gwiwa. Hajiya ta juya ta shige kicin. Faruƙ ya dubi hannun da ke kan wuyansa, da yatsunsa biyar cif, da yagaggen hannun riga na lilo a gefe. Abin da ya yi mako yana roƙon Allah ke nan, kuma an ba shi. Bai san cewa da sunansa zai biya ba.

"Ya ji, Shitu," ya ce a hankali. "Daga inda yake ya ji."

Tsohon ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta. Ya miƙa masa hannu ya ce ya tashe shi, su je su duba wayar nan da yake ta yi wa ihu a kai.